Fentin mai ko fentin ruwa ga kabad ɗin banɗaki? Amsa ga Hajiya

Wata Hajiya daga unguwar Zariya a Maraɗi ta ce kabad ɗin katako da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu ya ɓaɓɓare, kan famfo kuma yana ɗiga. Tana so ta gyara da kanta, sai dai ta rasa fentin da za ta saya.

Hajiya, ki fara da famfo, domin ɗigarsa ce ta ci fentin. A kasuwa za a nuna miki iri biyu masu ƙyalli ɗaya. Ki leƙa cikin haƙoran da ake murɗawa: in rawaya ne, tagulla ce, kuma za ki ji nauyinta a hannu, in toka-toka ne, haɗin tutiya ne, yana da sauƙin kuɗi amma yakan tsage a wuya in aka matsa shi da yawa. Mu tagulla muke zaɓa. Girman da ake ce wa 15/21 a nan Maraɗi shi ne rabin inci a kayan da ke shigowa daga Kano, kada sunan ya ruɗe ki. Ki rufe ruwa, ki naɗa tefalon (farin tef ɗin hana yoyo) a haƙoran sau 10 zuwa 15 ta gefen da ake ɗaurewa. Tiyo mai robar toshewa a baki ba ya son tefalon. Ki shimfiɗa takarda a ƙasa ta kwana. In gari ya waye tana bushe, sai maganar fenti.

Ki danna ƙasan kabad ɗin da babban yatsa. In katakon gari ne da aka matse, ya kumbura kamar burodin da ya sha shayi, babu fentin da zai tashe shi, sai kafinta ya canza allon. In yana da ƙwari, ki jiƙa auduga da alkol na kantin magani ki goga tsohon fentin. In launi ya biyo audugar, na ruwa ne. In bai motsa ba, na mai ne. Wannan gwajin shi ke raba gardama, saboda fentin ruwa a kan tsohon fentin mai, ba gogewa ba shafin farko (wato fenti na musamman da ake fara shafawa don na sama ya kama), da farce ma ana ɗaye shi.

Fentin mai yana kwanciya sumul, yana kama tsohon mai da ɗan gogewa kawai, kuma fantsamar ruwa ba ta damunsa. Matsalarsa jinkiri: awa 6 zuwa 8 kafin a taɓa, kusan awa 24 kafin shafi na biyu. Da hunturu, duk ƙurar da ta sauka a wannan tsakanin ta zauna ke nan. Ga wari, ga diliyan (ruwan tsinka fenti) na wanke buroshi, kuma farinsa yakan koma rawaya a banɗakin da haske ba ya shiga.

Na ruwa, wato akirilik na katako (ban da fentin bango na bokiti, wannan ba ya jure goga), yana shan iska cikin awa guda, a sake shafawa bayan awa 3 ko 4, farinsa kuma ba ya juyawa. Amma yana neman shafin farko, sannan sai ya yi mako 3 zuwa 4 kafin ya yi tauri sosai, don haka ban da gurza shi da soso a lokacin. A zafin Afrilu yakan bushe a bakin buroshi ya bar layi-layi. Ki yi aikin da sanyin safiya.

A ganinmu, in tsohon na mai ne kuma launi mai duhu kike so, ki tsaya kan mai. In fari kike so, banɗakin kuma ba taga, ki ɗauki akirilik. Ko wanne ne, lita 1 tana rufe kamar murabba'in mita 10, ta ishe ki shafi biyu. Ki kwance ƙofofin, ki wanke da sabulu, ki goge da sanfefa lamba 120 sannan 220, ki shafa siriri-siriri, har da gefen ƙasa inda ruwa ke taruwa.

In za ki canza hannayen ƙofofin kabad ɗin, ki auna tsakanin ramukan kafin ki fita: galibi milimita 96 ne ko 128. In sababbin ba su dace ba, ki cike tsofaffin ramukan tun kafin fenti.