Latsawa da hannu ko na'urar ƙwanƙwasa: gane taurin mangwaro a ɗakin sanyi

Alhaji, ka ce kana ajiye mangwaro a ɗakin sanyi a Garwa kafin ka loda shi zuwa Kusuri, kuma kana neman yadda za ka san taurinsa ba tare da ka huda shi ba: hannu ya isa, ko sai na'ura?

Hannu kyauta ne, amma da sharaɗi. Tafin hannu ake sawa a matsa a hankali, ba babban yatsa ba, domin inda yatsa ya lotsa nan tsokar ke fara ruɓewa bayan kwana biyu. Matsalarsa, abin da yaronka zai kira mai tauri kai ka ce ya fara laushi, kuma ba lambar da za a rubuta.

Na'urar ƙwanƙwasa kuwa aikin mai sayen kankana take yi. Tana ɗan bugun mangwaron, ta saurari amonsa, ta haɗa da nauyinsa ta fitar da lamba. Mai tauri amonsa siriri ne, in ya fara nuna kuma sai amon ya riƙa kauri. Ba ta barin tabo, don haka mangwaro ɗaya za ka bi tun ranar da ya shiga har ranar fitarsa, kuma wannan ne ya fi burge ni da ita. Sai dai tana da tsada, kuma in 'ya'yan sun yi yaushi saboda ƙarancin danshi, lambar kan sauka ko da ba su nuna ba. Akwai kuma wata na'urar mai haska haske cikin ɓawo, amma ta fi gwaninta wajen gane zaƙi da ƙosawa.

Ko wanne ka ɗauka, sanyin ya tsaya kan digiri 12 zuwa 13. Ƙasa da 10 ɓawon kan yi toka-toka da ramuka, mangwaron ya ƙi nuna daidai, alhali a hannu yana nan da tauri kamar lafiya lau. Kada launi ya ruɗe ka, musamman irin mangwaron da ake kira Kent da Keitt, da kan nuna suna kore.

Da ni ne, Alhaji, sai in zaɓi goma daga kwalaye daban-daban, na kusa da ƙofa da na can ƙurya, in sa musu alama. Mutum ɗaya ya riƙa latsa su duk bayan kwana biyu, a cikin ɗakin, don mai sanyi ya fi wanda ya sha zafin Afrilu tauri. Na'ura sai in kana ajiyar mako biyu zuwa uku da kaya mota-mota, ko mai sayenka ya nemi lamba a rubuce.