Bursin Maroko ko na Turkiyya: amsa ga ƙanenmu mai neman masta a fannin ruwa da noman rani

Ƙanena, tun da ka gama lisansi a Jami'ar André Salifou, kuma niyyarka ka dawo Damagaram ka yi aiki bayan karatu, to tsakanin biyun ka ɗauki bursin Maroko. Can na yi nawa mastan, a makarantar noma da likitancin dabbobi ta Hassan II da ke Rabat, wadda aka fi sani da IAV, kuma har yau da abin da na koyo a can nake cin abinci.

Alawus ɗin da AMCI, hukumar Maroko mai kula da hulɗa da ƙasashen waje, take ba ɗalibi ɗan kaɗan ne, sai ka haɗa da abin da gida za su iya turo maka, kuma sanyin Rabat a watan Janairu yana shiga ƙashin mutumin da ya tashi a Birni ko Zango. Amma da Faransanci ake karatun, saboda haka tun makon farko kana cikin darasi. Mutanen mabiya Malikiyya ne kamar mu, ba za ka ji baƙunta a masallaci ba, kuma idan ɗan Tijjaniyya ne kai, zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani tana Fas, jirgin ƙasa zai kai ka.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne damuwarsu irin tamu ce, wato ƙasa busasshiya, ruwan sama mara tabbas, da ruwan ƙarƙashin ƙasa da yake ja da baya kowace shekara. A yankin Sus, kusa da Agadir, inda makarantar take da reshen noman lambu, na ga manomi yana auna ruwan da kowane gindin tumatir zai sha kamar yadda ake auna magani. Malamin da ya duba aikina bai tilasta mini yin bincike a kan gonakin Maroko ba. Da na ba shi labarin yadda garinmu yake zaune a kan dutse, har sai an janyo mana ruwan sha daga Gogo Machaya da Arungoza da Ganaram, sai ya ce in je hutu in auno zurfin rijiyoyin lambu a kwarin Korama, in kawo mu yi aiki a kansu. Wannan kundin na ajiye a kan tebur ranar da na je neman aiki, kuma a kansa aka yi mini dukkan tambayoyin.

Daga baya na yi aiki da wata ƙungiyar masu lambu a wajen Miriya, waɗanda suke sako ruwan injin ban ruwa da tsakar rana har ya malale kwamin, rabinsa ya bi iska, kuɗin mai kuma ya cinye ribar. Muka ɗora tanki a kan dakali, muka shimfiɗa siraran bututu masu ɗigo. Da farko yashi ya riƙa toshe hudojin, sai da matan ƙungiyar suka ɗauki nauyin wanke matatar kowace safiya da tsohon buroshin haƙori sannan abin ya zauna. Yanzu yaransu ne suke gyara kayan da kansu, maƙwabta kuma suna zuwa kallo suna kwaikwaya. Yawancin abokan karatuna 'yan Nijar sun dawo gida, wasu suna ma'aikatun ruwa da na noma, wasu suna ƙungiyoyin raya karkara, wasu kuma suna koyarwa.

Bursin Turkiyya ya fi maiƙo, wannan ba a musu: kuɗin makaranta, masauki, inshorar lafiya da tikitin jirgi duk suna ciki. Sai dai shekara guda cur za ta tafi a koyon Turkanci kafin ka taɓa darasin da ya kai ka, kuma cikin waɗanda na sani da suka dawo, da yawa harshen ne ya sama musu aiki, suka zama tafintoci a kamfanonin gine-gine a Yamai, fannin da suka karanta yana ajiye. Ka kuma duba shekarunka, domin mai neman masta dole ya kasance bai kai 30 ba.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ka yi hattara da dillalan bursi. Neman na Turkiyya kyauta ne, ta intanet ake cikewa a shafinsu tsakanin Janairu da Fabrairu, na Maroko kuma ta hannun hukuma yake bi, a sanarwar ANAB, hukumar bursi ta Nijar, za ka gan shi. Duk wanda ya ce yana da gurbi a hannu, ka ba shi jaka ɗari biyu ko uku ya shigar da kai, ɓarawo ne ko da tare kuke sallah a sahu ɗaya. Wasu takardar shiga makaranta ta jabu suke turowa ta WhatsApp, wasu kuma makarantar kuɗi ce ta rage wani abu daga farashinta, su kira shi bursi, sai yaro ya sauka ya tarar babu masauki babu abinci, iyaye sun riga sun sayar da gona. Kada ka miƙa wa kowa asalin fasfo ɗinka ko asalin difilom.

Ka fara haɗa takardunka tun yanzu, a buga wa kwafin hatimin hukuma, kuma kafin ka tashi ka zagaya ofishin ruwa na jiha da masu lambu biyu ko uku, ka rubuta matsalar da suke fama da ita, domin da ita za ka tunkari malamin da zai duba kundinka. Idan ka dawo kuma, ka kai difilom ɗin ma'aikatar ilimi mai zurfi a daidaita maka shi kafin ka shiga kowace jarrabawar ɗaukar ma'aikata.