Reserpine da amlodipine: inda suka yi kama da inda suka bambanta

Wata 'yar'uwa a wannan zauren ta yi tambaya game da mahaifinta, wanda ya daɗe yana shan maganin hawan jini mai ɗauke da reserpine. Likita ya ba da shawarar a mayar da shi kan amlodipine, amma dattijon ya ƙi, yana cewa tsohon maganin daga tsiro aka samo shi, don haka ya fi sauƙi a jiki. Tana son sanin wanne ya fi, da kuma illar kowannensu. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Dukkansu biyu suna sauko da hawan jini da gaske, amma ba a wuri ɗaya suke aiki a jiki ba, kuma daga nan ne bambancin illolinsu ya samo asali.

Baba ya yi gaskiya game da tushen maganin. Ana samun reserpine daga saiwar wani tsiro mai suna Rauwolfia serpentina, wanda masu maganin gargajiya na Indiya suka shafe ƙarnoni suna bai wa masu taɓin hankali da masu rashin barci da waɗanda maciji ya sara. Akwai ɗan'uwansa, Rauwolfia vomitoria, a dazukan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, shi ma yana ɗauke da sinadarin. A 1949 wani likitan zuciya ɗan Indiya, Rustom Jal Vakil, ya wallafa abin da ya gani na tasirin saiwar a kan masu hawan jini, sannan a 1952 masana a kamfanin Ciba da ke Basel a Siwizalan suka tace sinadarin shi kaɗai, aka fara sayar da shi da sunan Serpasil. Daga baya aka riƙa haɗa shi da wasu magunguna a ƙwaya ɗaya, kamar Brinerdin da Adelphane, shi ya sa mutane da yawa suke shan sa ba tare da sun taɓa jin sunansa ba. Amlodipine kuwa a ɗakin bincike na kamfanin Pfizer aka ƙirƙiro shi, ya shigo kasuwa a farkon shekarun 1990.

Jijiyoyin da ke sa zuciya ta ƙara sauri, su kuma sa hanyoyin jini su tsuke, suna aika saƙonsu ne da wani sinadari da ake kira noradrenaline, wanda suke tarawa a cikin wasu 'yan ƙananan jakunkuna a ƙarshensu. Reserpine yana lalata hanyar da ake cika waɗannan jakunkuna, sai sinadarin ya ƙare a hankali, bugun zuciya ya ragu, hanyoyin jini su saki. Matsalar ita ce ba ya tsayawa a nan. Yana ratsawa cikin ƙwaƙwalwa ya yi wa dopamine da serotonin irin wannan aika-aika, su kuwa suna da hannu a walwalar mutum da barcinsa da motsin gaɓoɓinsa. Amlodipine bai shiga wannan sha'anin ba: yana hana kalsiyam shiga tsokar da ke jikin bangon hanyoyin jini, sai su buɗe, jini ya wuce ba tare da matsi ba.

Dukkansu sau ɗaya ake shan su a rana. Amlodipine yawanci miligiram 5 ne, ana iya kai shi 10, kuma yana daidaita a jini cikin kimanin mako guda. Reserpine kuwa ɗan mitsitsi ake buƙata, daga miligiram 0.05 zuwa 0.25, kuma yakan ɗauki makonni kafin a ga cikakken aikinsa. Da yake ɓarnar da yake yi wa jakunkunan nan ba ta warwarewa sai jiki ya ƙera sababbi, tasirinsa yakan ci gaba kwanaki ko makonni bayan an daina sha. Wannan yana da amfani ga mai yawan mantuwa, domin tsallake kwana ɗaya ba zai sa jinin ya yi tashin gaggawa ba, amma idan illa ce ta bayyana, ita ma haka za ta daɗe kafin ta tafi.

Bai kamata a raina tarihin reserpine ba, domin hujjarsa tana da ƙarfi fiye da yadda ake zato. Binciken da Edward Freis ya jagoranta a asibitocin tsofaffin sojojin Amurka, wanda aka wallafa a 1967 da 1970, yana cikin na farko da suka tabbatar da cewa sauko da hawan jini yana rage shanyewar ɓarin jiki da gazawar zuciya, kuma reserpine na cikin magungunan da aka haɗa a wannan gwaji, tare da hydrochlorothiazide da hydralazine. Haka kuma an yi amfani da shi a matsayin maganin ƙari a manyan gwaje-gwajen SHEP na 1991 da ALLHAT na 2002. Sai dai a ALLHAT, amlodipine na cikin manyan magungunan da aka gwada kai tsaye a kan dubban mutane, kuma a ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ajinsa na cikin waɗanda ake fara ba mai hawan jini. Reserpine ba ya cikinsu, har ma samun sa ya yi wuya a ƙasashe da dama.

Illar reserpine da aka fi gani ita ce toshewar hanci, irin wadda mutum zai yi ta zaton mura ce da ta ƙi warkewa. Akwai kasala da yawan gyangyaɗi, jiri idan an miƙe tsaye, raguwar bugun zuciya, zawo, munanan mafarkai da raunin sha'awa. Yana kuma ƙara yawan ruwan tsamin ciki, abin da ke iya tayar da gyambon ciki, wato olsa. Idan adadin ya yi yawa yakan kawo karkarwa da sandarewar jiki irin na cutar Parkinson, kuma wannan halin nasa ne masanin kimiyya Arvid Carlsson ya yi amfani da shi a gwajin dabbobi a 1957, binciken da ya kai ga gano muhimmancin dopamine a ƙwaƙwalwa.

Abin da ya fi ɓata masa suna shi ne ciwon damuwa. A shekarun 1950 an sami rahotannin marasa lafiya da suka faɗa cikin baƙin ciki mai tsanani, wasu har da tunanin kashe kansu. Adalci shi ne a faɗi cewa a wancan lokacin ana ba da adadi mai yawa, ninkin-ba-ninkin na yanzu, kuma masana da dama suna ganin haɗarin ya ragu ƙwarai a ƙaramin adadi. Duk da haka, a ganina wannan illar ta cancanci a ba ta nauyi na musamman, saboda ba ta da alamar da ido zai kama da wuri. Dattijo zai rage magana, ya daina neman abokan hirarsa, ya bar abinci a kwano, ya riƙa farkawa tsakar dare, iyali kuma su ce tsufa ne, babu wanda zai tuhumi ƙwayar da ya shekara yana sha.

Illolin amlodipine sun fi fitowa fili. Babba a cikinsu shi ne kumburin ƙafa a wajen idon sawu: takalmi yakan matse da yamma, idan aka danna da yatsa wurin ya lotsa, kuma abin ya fi faruwa a miligiram 10. Wannan kumburi ba alamar lalacewar ƙoda ba ce a mafi yawan lokuta, yakan kuma ragu idan an rage adadin ko an haɗa da wani magani, amma likita ne zai tantance. Wasu suna samun ciwon kai, ɗumin fuska ko jin bugun zuciya a farkon farawa, kaɗan kuma dasashinsu ya kumbura.

Ba a ba da reserpine ga wanda ya taɓa yin ciwon damuwa, ko mai gyambon ciki da ke ci, ko mai ciwon gyambon babban hanji, kuma bai dace da mai cutar Parkinson ba. Ana kuma taka-tsantsan wajen haɗa shi da maganin zuciya mai suna digoxin ko magungunan da ke rage bugun zuciya. Amlodipine yana buƙatar lura ga mai ciwon hanta, kuma idan ana shan simvastatin, maganin rage kitsen jini, tare da shi, ba a so simvastatin ɗin ya wuce miligiram 20 a rana.

Batun cewa na tsiro ya fi sauƙi ba ya tsayuwa a nan, domin na tsiron shi ne ya fi taɓa ƙwaƙwalwa da ciki. Ya fi haɗari ma a koma ga saiwar kanta ko garinta, tunda maganin da ake auna shi da kashi ɗaya cikin goma na miligiram ba a iya ƙiyasta shi da cokali, ga shi kuma yawan sinadarin yana bambanta daga saiwa zuwa saiwa.

Ga wanda zai fara magani yau, amlodipine ya fi dacewa a mafi yawan lokuta. Ga Baba kuwa, 'yar'uwa, ki tambayi likitan dalilin canjin, ki tafi masa da kwalin maganin domin ya ga sauran abubuwan da ke cikin ƙwayar, tunda yawanci akwai maganin sa fitsari a ciki wanda shi ma sai an yi la'akari da shi. Ki kuma faɗa masa duk wani sauyi da kuka lura da shi a barcin Baba, cin abincinsa, walwalarsa ko cikinsa. Kada a dakatar da tsohon ko a haɗa biyun ba da saninsa ba. Idan an yi canjin, a riƙa auna jinin a kai a kai har tsawon makonni, domin a kwanakin farko ragowar reserpine yana nan yana aiki tare da sabon maganin, kuma sai bayan ya gama fita ne awon zai nuna ko amlodipine shi kaɗai ya wadatar.