Ƙaramin lab ɗin da muke kai Baba gwajin jini, taurari huɗu na ba su

Ga ƴan uwa da ke nan Amurka masu ɗawainiya da tsofaffi, wannan lab ɗin ƙarami ne mai zaman kansa ba reshen manyan kamfanonin nan ba, kuma tunda Baba ya shiga Medicare, inshorar lafiyar gwamnati ta tsofaffi, can muke kai shi gwajin suga da na ƙoda da na kitsen jini. Matar da ke ɗibar jinin kam hannunta sai dai a ce masha Allah, jijiyar Baba ta tsufa guduwa take yi amma ita sau ɗaya take sa allura ta samu, shi da kansa ya ce min ɗiyata kar ki sake canza min wuri. Washegari sakamako ya shigo waya, likita ma ya gani. Ko sisi ba ma biya, don sashen B na Medicare shi ke biyan gwajin da likita ya rubuta, in kuma suna zargin ba za a biya wani gwaji ba sai su miƙo takardar ABN tun kafin a taɓa jini su faɗa maka nawa ne zai hau kanka. Wannan kam sun kyauta.

Inda na cire tauraro ɗaya shi ne sun daina buɗewa ranar Asabar, sun daina zuwa gida ɗibar jini, ma'aikata sun ragu, da safe layi har bakin ƙofa ga tsofaffi ba su karya ba saboda gwajin, ga waya ka kira ka kira babu mai ɗauka.

Na yi wa manajan ƙorafi ya ce kuɗin da gwamnati ke biyansu ne ya ragu, kuma maganarsa da gaskiya a ciki. A 2014 majalisa ta yi dokar PAMA, ta ce Medicare ya daina biyan tsohon farashi ya koma bin abin da inshorar kamfanoni ke biya. A takarda ba laifi, don dama gwamnati na biyan wasu gwaje-gwajen sama da farashin kasuwa. To amma da hukumar CMS mai kula da Medicare ta tattara farashin rabin farkon 2016, lab ɗin da suka kawo bayanai ba su kai 2,000 ba, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na ƙasar baki ɗaya, kuma mafi yawan bayanan daga manya ne irin su Quest Diagnostics da Labcorp, su kuwa gwajin da suke yi a rana tsabar yawa ko sun yi ragi riba na nan. Sai aka ɗauki farashin ɗan sari aka ɗora wa mai tebur. Daga Janairun 2018 aka fara zaftare har kashi 10 duk shekara, 2018 da 2019 da 2020, sannan akwai wani ragin har kashi 15 kan gwaje-gwaje wajen 800 wanda tun 2021 majalisa ta yi ta ɗage shi, yau a ce gobe, to wa zai ɗauki sabon ma'aikaci a haka? Ƙungiyar masu lab ta ACLA har kotu ta je kan wannan maganar a 2017. Kuɗin ɗibar jini ma dala 3 ne shekara da shekaru sai a 2023 ya koma dala 8.57, ka ga zuwa gida da mota da mai ai ba zai ɗore ba.

Duk na yarda da wannan, amma ɗaukar waya fa ba ruwanta da majalisa, su gyara. In gwajinku ba na azumi ba ne ku bari sai bayan ƙarfe goma, layin ya watse, kuma kar ku manta katin Medicare da takardar likita.