Sharhi Kan Manhajar YouVersion: Abin da Na Samu Cikinta a Watannin Makoki

Bayan rasuwar mahaifiyata na shafe watanni ban san barci mai daɗi ba. Da rana nakan daure in yi hidimomina kamar kowa, amma da zarar dare ya raba sai in farka, ƙirjina ya yi nauyi, tunani ya yi ta kai da komo har gari ya waye. Littafi Mai Tsarki yana nan a gefen gadona, sai dai ko na buɗe shi idanuna ne kawai ke bin layuka, zuciyata ba ta kama komai. A cikin wannan hali ne na koma ga YouVersion, manhajar karanta Littafi Mai Tsarki, wadda ta daɗe a wayata ba tare da na ba ta wani muhimmanci ba, kuma bayan amfani da ita na tsawon lokaci ina ganin ya dace in bayyana ra'ayina domin waɗanda baƙin ciki ko damuwa ta danne.

Ikkilisiyar Life.Church da ke jihar Oklahoma a Amurka ce ta fitar da manhajar a shekarar 2008, kuma zuwa 2021 an sauke ta a na'urori sau miliyan 500. Kyauta ce, babu talla a cikinta, tana ɗauke da fassarori masu ɗimbin yawa ciki har da ta Hausa, kuma ana iya sauke da dama daga cikinsu a karanta ko babu intanet. Rashin tallan nan ba ƙaramin abu ba ne ga mai makoki, domin wanda yake karanta Zabura da hawaye a idonsa ba ya bukatar wani hoto ya faɗo masa a tsakiyar aya.

Abin da ya fi amfanata shi ne karatun murya. Fassarori da yawa suna da shi, mutum ya danna kawai, ya ajiye wayar, ya saurara. A daren da na fara gwadawa na zaɓi Zabura 6 ba da wani shiri ba, na kwanta cikin duhu, sai na ji ana karanta yadda Dawuda ya gaji da nishi, yana jiƙe shimfiɗarsa da hawaye kowane dare. Na san wannan Zabura tun ina yaro, amma ban taɓa jin ta a lokacin da matashin kaina yake a jiƙe ba. Na mayar da ita baya sau uku. Ban ce baƙin cikin ya tafi a wannan dare ba, amma na gane cewa halin da nake ciki yana da gurbi a cikin Maganar Allah, kuma ba ni ne na farko da ya kai wa Ubangiji irin wannan kuka ba.

Daga nan na shiga bin Zaburan kuka ɗaya bayan ɗaya, kuma a nan ne nake ganin manhajar ta fi cancantar yabo, domin ta sa nassin gaba ɗayansa a hannun mutum a sa'ar da ba shi da ƙarfin neman komai. Zabura 13 tana tambayar Allah har yaushe, sau huɗu a jere, kafin ta kai ga dogara ga madawwamiyar ƙaunarsa. A Zabura 42 mawaƙin yana yi wa ransa tambaya a kan dalilin karayarsa, yana kuma lallashinsa ya sa zuciya ga Allah. Wadda ta fi girgiza ni ita ce Zabura 88, mai ayoyi 18, wadda ba ta ƙare da yabo ko da alkawarin samun sauƙi ba, sai da maganar duhu da rabuwa da abokai. Na daɗe ina tunani a kan cewa an bar irin wannan addu'a a cikin Littafi Mai Tsarki, ba a gyara ta ba, ba a kuma ƙara mata kyakkyawan ƙarshe ba. Mutane masu kyakkyawar niyya sun yi ta ce mini in yi haƙuri, mai bi ba ya karaya, har na fara jin kunyar baƙin cikina kamar wani zunubi ne. Zabura 88 ce ta cire mini wannan kunya, domin mai ita yana cikin duhu, amma har yanzu da Allah yake magana.

Manhajar tana da sashen bincike inda aka jera batutuwa kamar tsoro, damuwa, rashi, bege da salama, kuma kowanne yana kai mutum ga ayoyi da tsare-tsaren karatu na kwanaki. Masu manhajar sun bayyana cewa a shekarar 2020, shekarar annobar korona, ayar da aka fi karantawa da aikawa ita ce Ishaya 41:10, inda Allah yake cewa kada a ji tsoro domin yana tare da mutanensa. Wannan ya nuna mini yawan waɗanda suke buɗe wayarsu da zuciya mai rawa. Tsare-tsaren karatun ikkilisiyoyi da marubuta daban-daban ne suke rubuta su, saboda haka salonsu ya bambanta, kuma shawarata ita ce mutum ya duba bayanin kowanne kafin ya fara, ya zaɓi wanda yake tsayawa a kan nassi mai tsawo.

Akwai kuma ayar kowace rana, wadda mutane da yawa suke so. Ni dai a watannin farko na fi samun taimako idan na danna ayar na karanta surar gaba ɗayanta. Misali, sanannun kalmomin nan game da jinƙan Ubangiji da suke sababbi kowace safiya suna cikin littafin Makoki sura 3, kuma sai mutum ya bi ayoyi ashirin na ɗaci da ƙunci kafin ya iso gare su. Wanda ya bi ta wannan hanya yakan ji nauyinsu fiye da wanda ya tsince su su kaɗai.

Wata rana na saurari 1 Sarakuna sura 19, labarin annabi Iliya da ya gudu jeji, ya zauna a ƙarƙashin itace, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Mala'ikan da aka aiko bai yi masa faɗa ba, ya taɓa shi ne ya ce ya tashi ya ci abinci, ya bar shi ya sāke kwanciya, sannan ya sāke ciyar da shi domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Wannan sura ce ta sa na yarda in je wurin likita game da rashin barcina, abin da na daɗe ina ƙi domin ina ganin kamar rashin bangaskiya ne. Ina faɗin haka da gaske ga duk wanda damuwarsa ta daɗe, ko ya fara tunanin cutar da kansa: ya gaya wa wani a yau, ya kuma nemi likita, domin babu manhajar da za ta iya yin wannan aiki a madadin mutum.

Sashen da na makara kafin na gane darajarsa shi ne karatu tare da abokai. Wata 'yar'uwa a ikkilisiyarmu ta gayyace ni mu bi tsari ɗaya, kowa ya rubuta abin da ya gani a ƙarƙashin karatun ranar. Sau da yawa ban rubuta komai ba, ita ma ba ta matsa mini ba, amma ina ganin alamar cewa ta karanta, kuma hakan ya tuna mini da abokan Ayuba, waɗanda suka zauna da shi kwana bakwai dare da rana ba su ce uffan ba. Wannan karatun ne ya zama sanadin komawata sujada bayan makonni ina ɓuya.

Ga wanda yake cikin irin halin da na shiga, ina ba da shawarar manhajar ba tare da wata shakka ba. Ya sauke fassarar da zuciyarsa ta fi ji tun da rana, ya rufe saƙonnin sauran manhajoji kafin ya kwanta domin kada su ja shi wani wuri, ya fara da Zabura 13, sannan ya nemi mutum ɗaya da ya amince da shi su riƙa karatun tare.