Tutiya ko fentin ifoksi a kan farantin ƙarfen da ke ɗaukar nauyi?

Maƙeran Panteka sukan tambaya wanne ya fi hana tsatsa a farantin da ginshiƙi ke zaune a kai.

Tutiya, wato zinc, ana tsoma ƙarfen ne a cikinta tana narke, a zafi kusan digiri 450 na ma'aunin Celsius, ta haɗe da jikinsa. Ko nauyi ya karce ta, tutiyar gefen ce tsatsa za ta fara ci kafin ƙarfen. Sai dai siririn faranti yakan lanƙwashe a zafin.

Ifoksi, fenti mai bushewa da tauri, ya fi sauƙi, amma dole a goge ƙarfen da yashin feshi har ya yi fari fat, ba maiƙo. Matsi kan fasa ifoksin, ruwan damina ya kutsa ƙarƙashi, fentin ya kumbura. Inda ƙarfe ke gogar ƙarfe, ifoksi ba ya jimawa. Tutiya ta fi, a ƙara giris.