Zuwa ga Yaya, kan manhajar da ke raba mana aikin gyara

Yaya, ina gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyali da yaran da ke aiki ƙarƙashinka. Ka tambaye ni wace irin manhaja ce nake yawan ambata, kuma ko za ta yi maka amfani. Bari in warware maka zare da abawa, domin sai ka san kalmominta kafin ka gane ko ta dace da kai.

Tun da na fara gyaran firji da na'urorin sanyaya ɗaki a nan Ingila, ban taɓa karɓar aiki daga bakin oga ba. In na buɗe waya da safe, ayyukan ranar na jere. Kowanne ana ce masa takardar aiki, ko da yake a waya take. A ciki akwai sunan kwastoma, adireshinsa, abin da ya ce ya lalace, da lamba ta musamman. Duk abin da zai biyo baya a kan wannan lambar yake rataye: hotunan da na ɗauka, kayan da na sa, da lokacin da na ɓata.

A ofis akwai mai rarraba aiki. Gabanta allon jadawali ne, sunayenmu a gefe, awoyin yini a sama. Takan ja aiki ta ajiye a layin wanda ya fi kusa kuma ya cancanta. Maganar cancanta ba wasa ba ce a nan. Akwai nau'in iskar sanyaya firji da ba ka taɓawa sai kana da takardar shaida, aikin gas na gida kuwa sai mai rajistar Gas Safe, wadda ta fara aiki a 2009. Ana shigar da shaidar kowa cikin manhajar, don kada a tura mutum inda doka ta hana shi.

Sai matsayin aiki. Ina tayar da mota na danna "kan hanya", nan take saƙo ya isa wayar kwastoma. Ina isa na danna "na isa", daga nan "ana aiki", sai ko dai "an kammala" ko "ana jiran kaya". Ka tuna yadda kwastoma ke kiranka sau biyar yana tambayar ina yaron da ka turo, kai ma ba ka san inda yake ba, wayarsa a kashe? Wannan ciwon kan babu shi a nan.

Amma abin da ya fi shiga raina shi ne tarihin na'ura. Kowace na'urar da muke kula da ita suna kiranta kadara, tana da shafinta, da lambar da kamfani ya buga a jikinta, da duk hannun da ya taɓa ta. Kwanaki aka tura ni ɗakin girkin wani otal, babban firjinsu ya daina sanyi. Na ɗora kyamarar waya kan tambarin da ke ƙofarsa, sai ga tarihi ya fito: sau biyu aka sauya masa fanka cikin shekara guda. Da ban ga haka ba, da na sa ta uku na kama gabana. Sai na janyo shi daga bango, na haska tocila, na tarar maiƙo da ƙura sun toshe raga har iska ba ta ratsawa. Yaya, irin wannan ilimin kana da shi fiye da kowa, amma a kanka yake. Ranar da ka yi tafiya, ya bi ka. Yaron da ka tura sai ya fara lalube daga farko, kwastoma kuma ya biya kuɗin lalubensa. Wannan yana damuna, don na san gumin da ka zuba kafin ka tara shi.

Ma'aunin da suke auna mu da shi shi ne gyara a zuwan farko, wato cikin ayyukan da ka je, nawa ka gama ba tare da an sake turo wani ba. Shi ya sa ake ƙidaya kayan gyaran da ke cikin mota. Duk abin da na ciro sai na rubuta, in ya kusa ƙarewa sito ya sani. Manyan kwastomomi kuma suna da yarjejeniyar da ake taƙaitawa da SLA, misali a iso cikin awa 4 da kira. Lokaci na matsowa, aikin zai canza launi a allo. Akwai kuma duban riga-kafi, wanda manhajar ke buɗe wa takardar aiki da kanta in lokaci ya yi. Doka ma ta wajabta wa mai gidan haya ya sa a duba na'urorin gas duk wata 12.

Ɓangaren kuɗi bai da wuya: ƙiyasi kafin aiki, kwastoma ya amince, bayan aiki ya sa hannu da yatsa a fuskar waya, takardar neman biya ta tafi imel ɗinsa.

Ba zan ɓoye maka nauyinta ba. GPS na bin motata duk inda na nufa, kuma akwai ranakun da ake cusa min ayyukan da suka fi ƙarfin yini, don allon bai san tsatsar da ta cinye ƙusa ba. Saurin da ake nema yana sa a cire abu a jefar a sa sabo. Abin da za ka zauna ka kwance ka farfaɗo da shi, nan shara ake kai shi, kuma har yau raina na sosuwa in na gani. A wannan fannin hannunku ya fi nasu.

Manhajojin suna da yawa. Akwai Jobber ta Kanada, ServiceTitan ta Amurka, simPRO ta Ostareliya, Microsoft da Salesforce ma kowa na da tasa, sai dai waɗannan biyun sun fi dacewa da manyan kamfanoni. Duk wadda za ka gwada, fara tambaya ko tana aiki in babu intanet, ta ajiye bayanai a waya har sabis ya dawo. Kafin nan, ka sa babban yaronka ya fara ba kowane aiki lamba, kowace na'ura shafi guda, ko a littafi ne. In mun yi waya ranar hutu zan nuna maka allon tawa ka gani da idonka. A gaida mutanen gida.